Kafin ki biya kuɗin sansanin hutu, je ki ga inda yaran za su kwana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Daura. An turo mana talla a zauren WhatsApp na iyayen yara cewa za a yi sansanin hutu na mako biyu a Katsina cikin watan Agusta, kuma a can yara za su riƙa kwana. Akwai haddar Alƙur'ani, kwamfuta, Turanci da wasanni. Ina da namiji ɗan shekara 12 da mace 'yar shekara 8, ita tana da sikila. Sun hana ni sakat sai sun je, babansu kuma ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Yaya zan gane wuri mai kyau, kuma me zan shirya masu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Na yi sama da shekara 20 ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar kwana, na kuma sha fita sansani da 'yan sikawut, don haka bari in fara da hukuncina kafin in kawo dalili. Namijin zai iya zuwa, in wurin ya cika abubuwan da zan faɗa maki. Macen kuwa ban yarda ta kwana a wani wuri mako biyu cikin damina ba. A nema mata na je-ka-ka-dawo a nan Daura. Shi kuma Alhaji kada ki ɗauki rashin kwanciyar hankalinsa a matsayin taurin kai, zai yi maki amfani, kamar yadda za ki gani.

Tura yaro wani wuri lokacin hutu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mun taso ana kai mu hutu gidan kaka a ƙauye, mu sha fura, mu bi kawunnai gona, mu dawo mun yi baƙi ƙirin. Wasu a kai su shagon tela ko na kafinta, wasu su koma makarantar allo safe da yamma. Na ƙungiyoyi ma sun daɗe. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a 1954, tana yin taronta na karatun addini da ake kira IVC a hutun Disamba, 'yan agaji suna da nasu horon, masallatai da Islamiyyoyi kuma suna shirya daurar ilimi (ke da kike Daura, kin ga har sunan bai yi maki nisa ba). Su 'yan sikawut asalinsu ma daga sansani ne, wanda Baden-Powell, mutumin da ya kafa ƙungiyar, ya yi da yara 20 a wani tsibiri a Ingila cikin Agustan 1907. Abin da ya canza shi ne wanda ake ba yaron. Da can goggonsa ce ko malamin da aka san gidansu, aka san ubansa. Yanzu mutum ne da ba ki taɓa gani ba, ya haɗa talla mai launi a waya, ya sa lambar asusun banki a ƙasa. Saboda haka ki ajiye jerin darussan nan tukuna. Kowa zai iya rubuta "kwamfuta da hadda". Ni tambayar da nake fara yi ita ce: da ƙarfe biyun dare, in yaro ya farka da amai, wa zai ji shi, kuma me zai yi?

Ba za ki samu amsarta a waya ba. Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ce, tafiyar safe ce a dawo kafin la'asar. Ku shirya ke da Alhaji ku je, gani ya kori ji. Kada ku je ranar da suka sa maku, ku je ranar da kuka ga dama. In suka ce ba a shiga sai ranar buɗewa, kun samu amsa, ku juyo.

In kun isa, za a so a fara kai ku ajin da aka jera kwamfutoci. Ku duba, ku yaba, sannan ki ce a kai ki banɗaki. Na daɗe da gane cewa banɗaki da madafa su ke faɗin gaskiyar wuri. Ƙirga banɗakunan, ki tambayi yara nawa ake sa ran za su zo, ki raba da kanki. Akwai ruwa a ciki ko sai an ɗebo? Na mata daban yake, kuma yana da ƙofa mai rufuwa? Akwai fitila a hanyarsa da dare? Yaro ɗan shekara 12 in banɗaki ya yi nisa kuma da duhu, bayan ɗaki zai zagaya, kuma a damina wannan ita ce hanyar amai da gudawa. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta yi ɓarna a jihohin Arewa, har da nan Katsina. Ki tambayi daga ina ruwan sha yake zuwa. Burtsatse ce a cikin gidan, ko 'yan ga-ruwa ke kawowa? In a randa ko tanki ake zubawa, ɗaga murfin ki leƙa. Daga nan ki wuce madafa, ki gaisa da masu girki. Su ba a koya masu abin da za su ce ba. Ki tambaye su me ake dafawa da safe, sau nawa ake cin abinci, ina ake ajiye wanda ya kwana.

Sai ɗakin kwana. Yawancin waɗannan sansanoni aron makaranta suke yi, a fitar da benci a shimfiɗa katifu. Ba laifi ba ne in an yi shi da tsari. Ki duba rufi ko yana yoyo, domin Agusta ita ce tsakiyar ruwa a ƙasarmu. Ki duba tagogi, da inda za a ɗaura gidan sauro. Ki nemi inda janareto yake: in a baranda yake kusa da tagar ɗakin kwana, wannan haɗari ne na gaske, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba. Kowane yaro ya kasance da shimfiɗarsa shi kaɗai. Addininmu ma ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma. Kuma kada a cuɗa ɗan shekara 9 da ɗan shekara 17 a ɗaki ɗaya. Mafi yawan kukan da na share a rayuwata ta malanta daga siniyoyi ya fito: ƙwace abinci, aike, sa wanki, tsallen kwaɗo, da abin da ya fi wannan muni wanda yaro ba ya iya faɗa.

Wannan ya kawo mu ga mutanen. Manya nawa ne za su kwana tare da yaran? Ina nufin masu kwana, ban da malaman da za su zo da safe su koyar su tafi gida. Ƙungiyar masu sansanonin yara ta Amurka ta sa ma'auni cewa a sansanin kwana babba ɗaya ya kula da yara 6 in shekarunsu 6 zuwa 8 ne, yara 8 in shekarunsu 9 zuwa 14 ne. A nan da wuya ki samu haka daidai, ban kuma ce sai an yi irin na Amurka ba. Amma in aka ce maki malami ɗaya ne a kan yara 40, ki sani ba kula yake yi ba, gadi yake yi, kuma bulala ce za ta cike gurbin sauran malaman. Ki tambaya kai tsaye, ana duka? Ki kalli fuskar mai amsawa. Ki tambayi shekarun masu kula da ɗaki, domin sau da yawa samari ne da suka gama sakandare bara. Ba na raina su, wasu sun fi mu kuzari da haƙuri, amma dole a samu dattijo a kansu wanda yake kwana a wurin. Ɓangaren mata kuma mata zalla, da babbar mace mai hankali wadda ita ma take kwana a can. Akwai wata ƙa'ida da nake so ki ji ko suna da ita: babu babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai a ɗaki a rufe, ko malamin hadda ne, ko shugaban sansanin ne. Wurin da ya san aikinsa zai amsa maki nan take. Wanda ya ɓata rai ya ce "Haba Hajiya, ai mu malaman addini ne", bai amsa tambayar ba.

Shi mai shirya abin, wane ne? Ki nemi cikakken sunansa, unguwarsu, da makaranta ko ƙungiyar da ke tsaye a bayansa. Katsina ba ta da girman da mutum zai ɓace a cikinta. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, in Alhaji ya yi waya uku zai samu wanda ya san shi. Ki ce a ba ki lambar iyaye biyu ko uku da yaransu suka je bara, ki kira su, ki tambayi abin da bai yi masu daɗi ba. In bana ce shekararsu ta farko, ni dai ba zan ba da ɗana a yi gwaji da shi ba. Kuɗi kuma a biya a karɓi rasit, a ji abin da ya ƙunsa, a kuma ji ko ana mayarwa in yaro ya dawo kafin lokaci.

Maganar tsaro ba sai na tsawaita maki ba, mu 'yan jihar nan ne. A daren Juma'a 11 ga Disamban 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka tafi da yara sama da 300, sai 17 ga wata aka sako su, gwamnati kuma ta rufe makarantun kwana a lokacin. Tun daga ranar, tara yara da yawa su kwana wuri ɗaya ya zama abin da ake yi wa lissafi. Sansanin ya kasance a cikin gari, mai katanga da ƙofa ɗaya da maigadi, kuma ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa su san da zamansa. Ki tambayi yadda ake ba da yaro in an zo ɗaukarsa: duk wanda ya zo ya ce shi kawu ne sai a miƙa mashi? Ki kuma nemi jerin wuraren da za a kai su yawon buɗe ido. Hasumiyar Gobarau, gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ƙofar fadar Sarki, ko a kawo su nan Daura su ga rijiyar Kusugu, duk wannan abin so ne. Amma in kika ji maganar daji, ko hanyoyin Batsari, Safana da Ɗanmusa, ko tafiyar da za ta kai su dare, ki ce ɗanki ba ya ciki. Haka maganar dam, ko Ajiwa ko Zoɓe. Yaranmu yawanci ba su iya iyo ba, suna dai ganin sun iya, kuma kowace damina sai an ji kududdufi ya ci yaro.

Yanzu ga 'yar auta. Kin fi ni sanin abin da ke tayar mata da ciwo: sanyi, dukan ruwan sama, ƙarancin shan ruwa, gajiya, da zazzaɓin cizon sauro. Ki duba ki gani, duk biyar ɗin suna jiran ta a sansanin damina. Za a tashe su da asuba a yi alwala da ruwan sanyi, za a yi guje-guje, ruwa zai tare su a fili, ita kuma don kada a ce ta cika raki za ta yi shiru har ciwon ya kama ƙashi. Zazzaɓi a jikin mai sikila abin gaggawa ne, asibiti ake nufa a ranar, ba a jira a ga yadda za ta kwana. Saurayin da ke kula da ɗaki bai san wannan ba, Panadol zai ba ta ya ce ta kwanta. Ko da lafiyarta ƙalau, shekara 8 ta yi ƙanƙanta da kwana 14 a hannun baƙi. Ki nema mata lesin hutu ko daurar Islamiyya da ake tashi da azahar, ki gaya wa malamarta halin da take ciki, ta tafi da gorar ruwanta da rigar sanyi, ta dawo gida ta sha maganinta a gabanki. Za ta yi kuka ranar da yayanta zai tafi, wannan kam babu makawa. Ki sa mata wani abu nata a ranar, ko da zuwa gidan kaka ne.

Shi ma namijin, ki tuna maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana bayarwa duk wata a damina na yara ne 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Shi ya wuce nan, kariyarsa ita ce gidan sauro, kuma nasa na kansa, kada ki dogara da wanda aka ce za a raba. Ki duba katin rigakafinsa ko ya cika, domin mashaƙo da ta ɓarke a Kano, Yobe da Katsina a 2023 ta fi kama yaran da ba su kammala allurai ba, kuma cunkoson ɗaki ɗaya take so. Ki tambayi ko akwai nas a sansanin, wane asibiti ne mafi kusa, da wace mota za a kai yaro cikin dare. In yana da asma ko wani abinci da jikinsa ba ya so, ki rubuta a takarda ki damƙa wa shugaban hannu da hannu. Kada ki ɓoye komai don kunya. Na taɓa samun yaron da ke fitsarin kwance, iyayen ba su faɗa ba, sai 'yan ɗaki suka gano a kwana na biyu suka yi mashi waƙa. Da an gaya mani, da na sa shimfiɗarsa kusa da ƙofa, na riƙa tashinsa tsakar dare, babu wanda zai sani.

Sai ki dawo kan jerin darussan da muka ajiye. Ki nemi jadawalin yini guda, daga tashi zuwa kwanciya. Yaro mai shekarunsa yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wasu wuraren hadda suna tashin yara ƙarfe 4 na asuba, ba a kwanta ba sai 11 na dare, babu ƙailula. Kwana uku ana haka sai ki ga yaro yana gyangyaɗi a kan Alƙur'ani, haddar ma ba ta zama. Wanda ya yi maki alkawarin izu goma cikin mako biyu, ki yi mashi murmushi kawai. In yaro ya dawo da izu ɗaya mai ƙarfi, ko ya gyara tilawar abin da yake da shi, an ci riba. Kwamfuta kuma ki ƙirga su. Yara biyar a kan guda ɗaya, ɗaya ne ke koyo, huɗu kallo suke. Ni a ganina babbar ribar sansani ba ta ma cikin aji: yaro ya wanke kayansa, ya bi layin abinci, ya tashi sallah ba uwarsa ce ta tashe shi ba, ya zauna da ɗan Funtuwa da ɗan Malumfashi su saba.

Wani abu kuma, tunda wasu iyayen za su karanta wannan. Sansanin hutu ba wurin gyaran kangararren yaro ba ne. Duk wanda ya ce ku kawo shi mako biyu za mu lanƙwasa maku shi, ku guje shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari a Daura da Katsina cikin Oktoban 2019, kuma iyaye ne suka kai yaran da hannunsu, da kyakkyawar niyya.

Shiri kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako biyu ya fara wanke kayansa da kansa, ya koyi ɗaura gidan sauro da cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. In bai taɓa kwana a wani gida ba, ya je gidan ɗan'uwa ya yi kwana biyu ki ga yadda zai yi. Kaya kada su yi yawa: kala huɗu ko biyar waɗanda ba za ki ji zafi ba in sun ɓace, rigar sanyi, zanen rufa, silifas da takalmi rufaffe, bokiti, buta, sabulu, soso, makilin, tocila, sallaya, kwano da cokali da kofinsa, akwati mai kwaɗo. A rubuta sunansa a jikin komai, kuma shi zai shirya akwatin da hannunsa, ke kina kallo, in ba haka ba zai dawo da rabin kayan bai san yana da su ba. Guzuri na busasshe: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, biskit. Ki sa mashi 'yan ƙullin gishirin ORS na gudawa guda uku ko huɗu. Kuɗi kaɗan, canji. Babbar waya ta zauna a gida, amma ya haddace lambarki da ta babansa, a kuma tsayar da ranakun da za ku yi magana ta wayar malamai. Sansanin da ya ce babu magana da iyaye sam har a gama, ban yarda da shi ba.

Akwai zance guda da ya fi akwatin muhimmanci, kuma Alhaji ne ya fi dacewa ya yi shi, su biyu. Ya gaya mashi a fili cewa babu wanda ke da ikon taɓa mashi al'aura ko ya ce ya tuɓe, babba ne ko yaro, malami ne ko siniya. In wani ya ce "kada ka gaya wa kowa", to wannan shi ne abin da za a fara faɗa. Kuma duk abin da ya faɗa ba za a dake shi ba. Mu Hausawa kunya takan hana mu wannan magana, masu ɓarna kuma da kunyar tamu suke aiki. Ranar kai shi, ku nuna mashi babba guda da kuka yarda da shi, ku ce ga wanda za ka nema in wani abu ya dame ka.

Kewar gida za ta zo, yawanci a daren farko zuwa na uku, bayan magariba. In ya kira yana kuka, ki saurara ki rarrabe. "Ina son in dawo, abincin ba daɗi" kewa ce, ki lallashe shi, ki ce za ki sake kira jibi, kuma ki kira. Kada ki yi mashi alkawari tun a gida cewa da ya ji ba daɗi za ki zo ki ɗauke shi, domin ba zai yi ƙoƙarin sabawa ba. Amma in ya ambaci sunan wani da yake tsoro, ko ya ce an dake shi, ko muryarsa ta canza ya kasa faɗin dalili, kada ki tsaya lissafin kuɗin da kika biya, ku kama hanyar Katsina.

In ya dawo, a baza kayan a rana kafin su shiga ɗaki saboda kuɗin cizo, ki duba kansa da tsakanin yatsunsa ko ya kwaso ƙazuwa ko makero. Maleriya kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu bayan cizon sauro kafin ta bayyana, don haka zazzaɓin da ya taso bayan ya dawo gida a kai shi a yi gwajin jini, kada a tsaya sayen magani a kemis da ka. Labari kuma kada ki matsa mashi a ranar farko, barci zai yi. Ki bari sai kun zauna cin tuwon dare washegari, ki tambaye shi wa ya fi kirki a cikin malaman, wa kuma yara suka fi tsoro.

A gaida Alhaji, a ce ina ba shi shawara shi ya tuƙa motar ranar zuwa dubawa.